Ragowar talo-talon biki: yadda za a cinye shi bai ginshi gida ba

Ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ce Amurkawa ke yin Bikin Godiya, wanda suke kira Thanksgiving. Shugaba Abraham Lincoln ne ya mai da shi bikin ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisar ƙasar kuma ta tsayar da ranar a doka a 1941. Babban abincin ranar gasasshen talo-talo ne, guda sukutum a tsakiyar tebur. Ƙungiyar masu kiwon talo-talo ta ƙasar ta taɓa ƙiyasta cewa ana cin kimanin miliyan 46 a wannan biki kaɗai. A Birtaniya kuwa ranar Kirsimeti ce ranarsa.

Tsuntsun ba ƙarami ba ne. Irin da ake kiwo don kasuwa, fari mai faffaɗan ƙirji, yakan kai kilo 7 bayan an fige an gyara, wani ma ya haura 10. Gida mai mutum shida ba ya ganin bayansa a zama ɗaya, ko da an yi baƙi. Shi ya sa kwanakin da ke biye da bikin suka zama kwanakin ragowa. Hausawan da ke zaune a Bronx ko Houston ko Landan sun san wannan, ko sun sayi na halal sun gasa da kansu, ko maƙwabci ya aiko musu da ƙunshi.

To, ana gajiya da shi? Ƙwarai kuwa. Ranar Juma'a kowa na murna, har za ka ji Ba'amurke na cewa sanwicin washegari ya fi masa abincin bikin kansa daɗi. Ranar Asabar murna ta ragu. Kafin Lahadi yara sun fara ture faranti, uwargida ta buɗe firji ta ga ƙatuwar tsoka tana jiranta, ta rufe. Daga nan sai shara. Wannan asara tana ci mini rai, domin nama ne mai tsada, dabba ce aka yanka, kuma mafi yawan asarar ana iya kauce mata da aikin da bai wuce rabin sa'a ba a daren bikin.

Me ke jawo ginsar?

Abu biyu ne, kuma sai an raba su kafin a san maganin kowanne.

Na farko a jikin mai ci yake. A 1981 Barbara Rolls da abokan aikinta a Jami'ar Oxford suka wallafa binciken da ya nuna cewa idan mutum ya ci wani abinci, sha'awar wannan abincin ce ke faɗuwa, amma sha'awar wanda bai ci ba tana nan kusan yadda take. Dalilin ke nan mutum zai ce ya ƙoshi da shinkafa, a kawo kankana ya sa hannu. Harshe da hanci da ido suna gajiya da ɗanɗano ɗaya, ƙamshi ɗaya, kama ɗaya. Idan aka jera kwana uku ana kawo yankan talo-talo da dakakken dankali da romo, yadda aka ci ranar biki, dole rai ya ƙi.

Na biyu a jikin naman yake, kuma shi mutane ba su cika sani ba. Dafaffen nama idan ya kwana a firji yana canja ƙamshi tun bai lalace ba. Zafin girki yana sakin sinadarin ƙarfe da ke cikin tsoka, shi kuma yana taimaka wa iska ta ci kitsen da ke jikin ƙwayoyin naman. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai wani ƙarni-ƙarni ya taso, wanda ya fi fitowa idan an ɗumama. Masana kimiyyar abinci sun bayyana wannan tun 1958, kuma naman tsuntsaye, musamman talo-talo, ya fi na shanu saurin kamuwa, saboda irin kitsensa ba ya jure iska. Ga shi kuma ƙirjin talo-talo ba shi da maiƙo, kowane ɗumame yana ƙara busar da shi. Saboda haka idan yaro ya ce naman Lahadi ba irin na Alhamis ba ne, gaskiya ya faɗa, ba tsirfa ba ce.

Abin da za a yi ya fito fili ke nan: a hana iska da lokaci taɓa naman, sannan kada a sake kawo shi a kamar da aka gan shi ranar biki.

Mataki na farko: daren bikin, kafin a kwanta

Tun ran gini tun ran zane. Duk abin da zai faru da ragowar nan, a wannan daren ake yanke shi.

Ku duba agogo lokacin da aka sauke tsuntsun. Ma'aikatar noma ta Amurka, wadda ke kula da lafiyar nama, ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a waje, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, sa'a 1 ce kacal. Tsakanin digiri 4 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Wadda aka fi tsoro a irin wannan babban girki sunanta Clostridium perfringens. Ƙwanta yana jure wuta, sai ya farka yayin da nama ke hucewa a hankali, ya ninka kansa. Wanda ya ci sai murɗawar ciki da gudawa su kama shi bayan sa'a 6 zuwa 24. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta lura cewa ɓarkewarta ta fi yawa a Nuwamba da Disamba, watannin talo-talo. Ba ta canja wari, ba ta canja launi, don haka sunsuna nama ba ya nuna ta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki gangar jikin yadda take, a lulluɓe, a cusa a firji. Tsakiyar cinya da ƙirji za su daɗe da ɗumi, firjin ma ya ɗumama ya shafi sauran kaya. Ku wanke hannu, ku ɗauko wuƙa mai kaifi, ku yi haka:

Ku fara kwashe duk abin da aka cusa a cikin tsuntsun, burodi ne ko shinkafa, ku zuba a mazubinsa daban. Ku cire cinyoyi da fikafikai. Ku zare ƙirji biyu daga ƙashi, kowanne guda, ku raba shi gida biyu ko uku. Kada ku yanyanka shi siriri-siriri yanzu, domin yawan yanka yana ba iska wurin shiga, sai ranar da za a ci. Ku bi ƙashin baya da yatsu ku tsince sauran tsoka, akwai wasu 'yan dunƙule biyu masu taushi kusa da inda cinya ta haɗu da baya, kada a bar su. Fata ku ware ta gefe. Ƙashi da wuya da kan fikafikai su shiga leda ɗaya.

Mazubi ya zama mai faɗi marar zurfi, kada naman ya wuce tsayin santimita 5, don sanyi ya ratsa da wuri. Ba sai an jira ya huce sarai ba, ƙananan kaso suna iya shiga firji da ɗan ɗuminsu. Ku ɗan zuba romo a kan farin naman kafin ku rufe, ku matse murfi ko leda yadda iska ba za ta zauna ba. Wannan ɗan romon yana rage bushewa da ƙarnin nan sosai.

Mataki na biyu: rabo

Nan ne yawancin gidaje ke faɗuwa. Ana zuba komai a firji da niyyar a ci a hankali, sai ranar Litinin a tuna da firiza, lokacin da naman ya riga ya gaji.

A juya tsarin. A daren farko ku tambayi kanku: sau nawa gidan nan zai ci talo-talo da marmari cikin kwana uku masu zuwa? Amsar ba ta cika wuce sau biyu ko uku ba. Ku ware wannan a firji. Duk sauran ya tafi firiza a daren nan, a ƙulle shi kaso-kaso, kowane ƙulli na girki ɗaya, a rubuta kwanan wata a jiki. Fari daban, baƙin naman cinya daban, domin ba aiki ɗaya suke yi ba.

A firji mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, Amurkawa suna ba ragowa kwana 3 zuwa 4, wato wanda aka gasa Alhamis, Litinin ce ranarsa ta ƙarshe. Hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta fi tsanani, kwana 2 ta ce. Idan a gidan akwai mai ciki, ko tsoho, ko jariri, ko marar lafiya, ni na Birtaniya nake ba da shawarar a bi. A firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili naman ba ya zama haɗari, sai dai daɗinsa yana raguwa, gara a cinye shi cikin wata 2 zuwa 6.

Kada a manta da kyauta. Baƙon da zai tafi a ƙulla masa, ɗalibin da ke zaune shi kaɗai a aika masa, tun naman yana sabo. Abin da ya ginshe ku, wani bai ɗanɗana ba. Wanda aka aiko wa kuma, idan Musulmi ne, ya tambayi yadda aka yanka da abin da aka sa, domin wasu gidajen suna sa naman alade a cikin cushen, ko su lulluɓe ƙirjin da shi, wasu kuma su zuba giya a romo.

Masu karatu a Kaduna ko Jos da ke yanka talo-talo lokacin Kirsimeti, ku ƙara lissafin wuta. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kimanin sa'a 4 ne idan ba a buɗe shi ba. Firiza cikakkiya takan kai sa'a 48, rabi kuma 24. Inda wuta ba ta da tabbas, a bi hanyar da ake bi da naman layya: a soya shi ƙayau a ranar, ko a yi dambu, a rabar da abin da ya fi ƙarfin gida.

Mataki na uku: ƙashin nan dukiya ne

Washegari da safe ku ɗora romo. Ku karya gangar jikin gida uku ko huɗu don ta shiga tukunya, ku zuba ruwan sanyi ya rufe ta, ku sa albasa biyu, citta, tafarnuwa, karas, masoro kaɗan. Idan ya tafasa ku rage wuta, ya riƙa ɓararraka a hankali na sa'a 3 zuwa 4, kuna kwashe kumfa. Ku riƙe gishiri da dunƙule tukuna. Da yawa daga talo-talon kanti an riga an yi musu allurar ruwan gishiri, wasu masu girki kuma suna jiƙa shi a ruwan gishiri kafin gashi, sai an ɗanɗana a ƙarshe za a san abin da ya rage.

Ku tace, ku raba a ƙananan robobi don ya huce da wuri. Babbar tukunyar romo da aka bari ta kwana a kan murhu ita ce gidan ƙwayar cutar da na ambata. Idan ya yi sanyi za ku ga ya daskare yana rawa, alama ce ta romo mai kyau, jijiyoyi da guringuntsi ne suka narke a ciki.

Kowace al'umma a Amurka tana da abin da take yi da wannan romo. Mutanen Louisiana suna yin gumbo, miya mai kauri da sau da yawa ake sa wa kuɓewa, a ci da shinkafa. Iyalan da suka fito daga Sin suna dafa kunun shinkafa mai gishiri da shi. Mu kuwa farfesu ne zai fara zuwa mana, da attaruhu da kimba da ɗanyar citta, ko a kaɗa miyar kuka ko ta kuɓewa da shi, ko a dafa dafa-duka a ciki maimakon ruwa. Wanda ya ci tuwo da miyar kukar da aka yi da romon nan ba zai ce ragowar biki yake ci ba.

Mataki na huɗu: kowace rana da kamarta

Juma'a ranar sanyi ce. Kada ku ɗumama komai. Naman da bai sake ganin wuta ba ya fi taushi, ƙarnin kuma bai taso ba. Ku yanka ƙirji siriri, ku sa a burodi da latas da tumatir, da wani abu mai tsami. Amurkawa suna shafa miyar kiranberi, wani jan ɗan itace mai tsami da ake ci da talo-talo. Tsami yana yanke ginsa, ko matsin lemon tsami ya wadatar. Fatar da kuka ware ku soya ta a kasko ba mai har ta yi ƙaras-ƙaras, ku marmasa a kai.

Asabar ranar miya ce, kuma aikin cinya ne. Baƙin nama yana da maiƙo da jijiya, yana jure wuta ta biyu. Turawan Ingila sun saba yin miyar kori da ragowar Kirsimeti tun daga ranar 26 ga Disamba. A Meziko, inda aka fara kiwon talo-talo kafin Sifaniyawa su kai shi Turai a ƙarni na 16, ana cin sa da mole, miya mai duhu ta barkono iri-iri. Dabarar duka ɗaya ce, kuma tana aiki a jar miya ko miyar gyaɗa ko taushe: a gama miyar tsaf, ta nuna, mai ya taso, sannan a zuba naman a minti 10 na ƙarshe. Dafaffe ne, zafi kawai yake nema. Idan aka sa shi tun farko zai wargaje ya zama zare. Kayan ƙamshi irin su citta da kanumfari da kurkur suna rufe ƙarni, suna kuma rage saurin da iska ke cin kitse.

Farin naman da ya fara bushewa kuwa, ni a ganina babu abin da ya kai dambu dacewa da shi. Bushewar da ke aibi a faranti ita ake nema a dambu. Ku sa naman a tukunya da ludayi biyu na romo, albasa, attaruhu, citta da tafarnuwa, ku bar shi ya tsotse. Ku daka shi sama-sama a turmi, in babu turmi ku yayyage da cokula masu yatsu biyu ko ku murza da muciya. Ku zuba man gyaɗa kaɗan a kasko mai faɗi, wuta ƙasa-ƙasa, ku riƙa juyawa ba ƙaƙƙautawa har ruwan ya ƙone, launi ya koma ruwan zuma, ya yi wara-wara. Ku barbaɗa yaji a ƙarshe. Kada a cika mai, talo-talo yana shan sa. A yi dambun cikin kwana biyun farko, ba a ranar da naman ya kusa ƙarewa ba, kuma idan ya huce a adana shi a firji ko firiza. Yaran da suka ture faranti jiya, su za su riƙa zagayen kwanon.

Idan ana son abin da ya fi sauri, a yanka ƙirji ƙanana, a shafa mai, a birkita a yajin ƙuli, a watsa a kasko mai zafi na minti biyu ko uku, a kawo da albasa da kabeji. Ko a yayyanka shi da albasa da karas a naɗe sambusa. Masu son girkin Amurka tsantsa suna da nasu: akwai wanda ake gasawa da taliya da madara da cuku, mai suna tetrazzini, an sa masa sunan mawaƙiyar Italiya Luisa Tetrazzini. Akwai kuma Hot Brown, burodi da talo-talo da miyar cuku, da aka ƙirƙira a otal ɗin Brown na birnin Louisville a 1926. Na asali ana ɗora masa naman alade, sai a bar shi a sa tumatir kawai.

Shawara guda da mutane ke rainawa: a tsallake rana. Lahadi a dafa wake, ko kifi, ko faten doya, kada a ambaci talo-talo sam. Sha'awar da ta faɗi tana dawowa idan aka ba ta hutu.

Mataki na biyar: ɗumame

Abin da za a ci kaɗai ake ɗumamawa. Fitar da kwano duka a ɗumama, a ɗiba, a mayar, gobe a sake, shi ke kashe nama, yana kuma ƙara haɗari. Birtaniya ma cewa ta yi sau ɗaya tak.

Zafin tsakiyar naman ya kai digiri 74. Ma'aunin zafin nama ba shi da tsada, a saya. Idan babu, a tabbata tururi na fita daga tsakiya, ba gefe kaɗai ba. Romo da miya sai sun tafasa sosai. Hanya mafi kyau ga yankan ƙirji ita ce a jera shi a kasko, a zuba romo ya kai rabinsa, a rufe, wuta kaɗan. A na'urar ɗumama abinci kuwa a yayyafa romo, a rufe, a tsaya a juya a tsakiya, domin tana barin wasu wurare da sanyi.

Shinkafar da ta rage daga biki ta fi naman saurin zama matsala. Tana da tata ƙwayar cutar, Bacillus cereus, wadda dafinta ba ya mutuwa da ɗumame. A sanyaya ta da wuri, a cinye washegari. Haka ma naman da ya kwana a waje, tafasa ba ta wanke shi, domin wasu ƙwayoyin suna barin dafin da wuta ba ta karyawa. Wanda ya yi yauƙi, ko ya canja wari, ko ya wuce kwanakinsa, a zubar ko da ran mutum bai so ba.

Na firiza idan lokacinsa ya yi, a sauko da shi firji tun dare ya saki a hankali, kada a bar shi a kan tebur. Idan miya za a yi, ana iya jefa shi da ƙanƙararsa cikin tukunya mai tafasa. Ku bar shi sai bayan sati uku ko wata guda, lokacin da gida ya manta. A sanyin hunturu, farfesun talo-talo sabon abinci ne.

Ga masu sayen baɗi

Yawan ragowa daga kanti yake farawa. Abin da aka saba lissafawa a Amurka shi ne kimanin rabin kilo na ɗanyen tsuntsu ga kowane mutum, a kai kashi uku cikin huɗu na kilo idan ana son ragowa da gangan. Mutum takwas ke nan kilo 4 zuwa 6 ya ishe su. Ƙaramin gida yana iya sayen ƙirji kaɗai ko cinyoyi, ana sayar da su daban. Masu son na halal su yi oda a mahauta tun sati biyu ko uku kafin bikin, domin ƙanana ne ke fara ƙarewa, a bar wanda ya makara da ƙaton da ya fi ƙarfin gidansa. Kuma a sayi robobi masu murfi da ledojin firiza tare da tsuntsun, a kwashe firiza a yi musu wuri tun kafin ranar.